Zuciyar Gyazbi a Ƙarƙashin Madubi

Akra, Maris 1983

Zuwa ga Kawu Agbeko,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Daavi Adzo da duk mutanen gida. Yaya ƙafafun Dada? A wasiƙarka ta Kirsimeti ka ce kumburin ya wuce idon sawu, kuma ba ta iya hawa tudun coci sai ta tsaya ta huta. Uwata ce, Kawu, ka gaya mini yadda take, kada ka rage komai. Ni lafiya lau, sai yunwar da kowa ke fama da ita. Yanzu ko dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, sai an bi layi, wani lokaci ma ɗanye ake saya a je gida a dafa.

Kullum kana tambaya me nake yi a ɗakin nan mai sanyi da ya hana ni zuwa gida. Bari in faɗa maka yadda kake yi mana bayani a aji shida.

Zuciya ba dunƙulen nama ɗaya ba ce. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne a jere, kowace tana riƙe da ta gabanta. Inda biyu suka haɗu, wani wuri sun ƙulle kamar maɓallin riga don kada su rabu. Wani wuri kuma bangonsu ya manne, da 'yan ƙofofi da saƙon bugawa ke bi ya wuce, shi ya sa dukansu suke bugawa tare. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu abubuwa masu siffar wake, sunansu maitokwandiriya. Su ne murhun ƙwayar, a nan abinci ke zama ƙarfi. Ba a ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan sai da babban madubinmu na ƙara girman abu, mai aiki da lantarki, wanda ya fi ka tsawo.

To, Kawu, na ga wani abu. A zuciyar ɓera, sau da yawa nakan tarar da murhun nan ya zo ya kwanta daidai jikin ƙofofin, har da wasu siraran zarurruka tsakaninsu, kamar an ɗaure shi a wurin. Na nuna wa shugabanmu, Dakta Lamptey. Ya ɗaga hoton sama, ya ce, "Akpene, ruwan maganin da kika jiƙa naman ne ya tsuke shi ya jawo su kusa. Ki kawo mini wannan a wata dabbar, sannan mu yi magana."

Fararen ɓerayenmu sun ƙare, babu abin ciyar da su. Shi ya sa na tuna da gyazbi, ƙaton ɓeran dajin nan da ke cinye muku masara da rake. Don Allah ka samo mini zuciyar gyazbi, ka ba Efo Yao direba ya kawo. Idan abin nan ya tabbata, zai taimaka a gane yadda zuciya take gajiya.

'Yarka,
Akpene

Avekope, ta Hohoe, Afrilu 1983

'Yata Akpene,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Wutar daji ta zo mana ta gabas, ta cinye gonar kokona gaba ɗaya, har da itatuwan da kakanki ya dasa. Na tsaya ina kallo, ban yi kuka ba, don akwai tsofaffin ɗalibaina a wurin. Ƙafafun Dada suna nan yadda suke, dare kuma sai ta jingina da bango take samun barci.

Wasiƙarki ta zo ana cikin wannan toka, ta wanke mini ido. Na karanta ta, na sake karantawa, na ce yarinyar da na koya wa riƙe alli ce yau take gardama da dakta a Akra. Ranar Lahadi bayan wa'azi na nemi izini na miƙe, na karanta wa jama'a. Da na zo kan sunan murhun nan na faɗe shi ba tare da na yi tuntuɓe ba. Na sanar da su cewa 'yar ƙanwata ta kusa gano maganin ciwon zuciya. Mata suka yi guɗa. Efo Dzokoto, dattijon coci, wanda tun muna yara bai taɓa yarda na fi shi komai ba, ya ce wai a ina aka taɓa jin murhu a cikin ƙirjin mutum. Na ce masa, "Dzokoto, kai naka ya daɗe da mutuwa, shi ya sa ba ka ji." Har fasto sai da ya yi dariya.

Ga saƙonki nan. Wuta ta koro gyazbi da yawa, samari sun kashe, na bi gida gida na karɓo zukatansu. Daavi Adzo ta yi musu gishiri ta kyafe su da kyau a hayaƙi don kada su lalace a hanya. Ba ta taɓa ko ɗaya ba, ke kin san abin da hakan ke nufi a wannan shekara.

Na so in kai Dada asibitin Hohoe, amma ta ce ba ta zuwa. Ta ce me za ta je yi wurin baƙi alhali 'yarta na haɗa mata magani. Na ga maganarta da hanya, na ƙyale ta. Sai ki hanzarta.

Kawunki,
Ticha Agbeko

Akra, Afrilu 1983

Kawu,

Na gaishe ka. Labarin gonar ya taɓa ni ƙwarai, Allah ya mayar da alheri. Ka gaida Daavi Adzo, ka yi mata godiya.

Efo Yao ya kawo ƙunshin. Da na buɗe ganyen a ɗakin aiki, ƙamshi ya cika ko'ina, har Dakta Lamptey ya leƙo ya ce, "Wa ke biki bai gayyace ni ba?" Laifina ne da ban yi bayani ba. Naman da muke dubawa sai an ciro shi daga dabba nan take, a jefa shi cikin ruwan magani tun bai san ya mutu ba. Wanda ya sha hayaƙi babu abin da ya rage a cikinsa sai daɗi. Mun zuba su a miyar kuɓewa, mutum biyar muka ci, kowa ya sa muku albarka. Gyazbi mai rai nake so, a cikin keji.

Amma ba wannan ne ya sa na zauna rubutu da gaggawa ba. Kawu, me ka faɗa a coci? Ni ban ce na gano magani ba. Ban ce na kusa ba. Kallo kawai nake yi, ina ƙoƙarin in gane yadda Allah ya shirya abin. Abin da nake yi ba zai warkar da kowa ba, ba bana ba, ba baɗi ba. Yaya za a bar mace da kumburi tana jiran abin da babu shi? Kai da ka yi shekara da shekaru kana koyar da karatu, ya za ka karanta abin da ban rubuta ba? Ka kai ta asibiti a makon nan, na roƙe ka.

Akpene

Akra, Yuni 1983

Kawu,

Gaisuwa. Shiru ya yi yawa. Na je tasha na tarar da Efo Yao, ya ce motarsa ta daɗe a kan duwatsu, babu taya, bai san komai na gida ba. Ko wasiƙata ta ɓata ne, ko kuwa ta iso ne ta yi ɓarna? Idan na yi maka tsauri ka yafe, tsoro ne ya yi magana. Ko layi ɗaya ne ka aiko, in san Dada na numfashi. Ba zan iya barin aiki yanzu ba, don an soma raba mana wuta, ruwan dam ya ja baya, kuma madubin ba ya son a kashe shi a kunna ba mai kula. Amma idan ban ji daga gare ka ba kafin ƙarshen wata, zan taho ko da a ƙafa.

'Yarka,
Akpene

Avekope, Yuli 1983

Akpene,

Muna gaishe ki. Ruwa ya sauka kaɗan, mun shuka abin da muka samu. Wasiƙunki biyu duk sun iso.

Kin tambaya ko ta farkon ta yi ɓarna. Ta yi. Ranar da ta zo Dada na zaune a ƙofar ɗakina, ta gane rubutunki a bayan ambulan, ta ce in karanta mata. Na fara da murya sama, muna dariyar miyar kuɓewa, ban san abin da ke gaba ba. Kafin in kama bakina na riga na karanta cewa ba zai warkar da kowa ba, ba bana ba, ba baɗi ba. Na tsaya. Ta ce, "Ci gaba mana, Ticha." Na ce sauran gaisuwa ce.

Ta tashi ta shige ɗakinta. Washegari ta buɗe akwatinta ta soma rabon zannuwanta. Ta ba Daavi Adzo na bikin aurenta, ta ware miki zanenta na kente da duwatsun wuyanta. Na ce mene ne haka? Ta ce, "Yarinyar ta duba da madubin da ya fi kowane ido, ta ga ba ni da magani. Kunya ce ta hana ta faɗa kai tsaye." Na yi bayani har bakina ya bushe, na ce aikinki kike nufi, ba jikinta ba. Ta ce ni ma ai na taɓa karanta abin da ba a rubuta ba, don me za ta yarda da ni yanzu. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Maganar asibiti kuwa ta ce ɓata man mota ne.

Ni kuma na ji zafin abin da kika faɗa mini, ba zan ɓoye ba. Na yi niyyar kada in amsa sai kin zo da ƙafarki. Dzokoto yana tare ni a hanya yana cewa, "Ticha, maganin bai nuna ba ne, ko itacen murhun ne ya jiƙe?" Ina wucewa abina. Amma ƙanwata tana ƙarewa a gabana, fushi ba zai ciyar da ita ba. Ki rubuto mata da kanki, da kalmomin da ba su da ƙofa biyu.

Agbeko

Akra, Yuli 1983

Kawu,

Na gode da ka amsa. Ka gafarce ni. Wannan ɓangaren na Dada ne, ka karanta mata shi duka, a gaban Daavi Adzo don ta zama shaida.

Dada, ni ce Akpene. Ban taɓa duba zuciyarki da madubi ba. Zuciyar ɓera nake dubawa. Ciwonki yana da magani, likitoci sun san shi tun kafin a haife ni, ƙwayoyi ne da ke fitar da ruwan da ya taru, da wasu masu ƙara wa zuciya ƙarfi. Ni ba likita ba ce, amma na san wata likitar zuciya a nan, na yi mata bayaninki, ta ce in kawo ki. Ki mayar da zannuwanki akwati. Kenten da kika ware mini ba na karɓa, sai dai ki ɗaura shi ki zo da shi a jikinki. Idan kika ƙi zuwa, zan bar aikin nan in dawo gida in zauna ina kallonki, kuma kin san ban iya tuƙa tuwo ba, ke za ki sha wahala.

Kawu, Efo Yao ya samu taya. Ya ce zai ajiye muku gaban mota. Ka taho da ita da kanka.

'Yarku,
Akpene

Akra, Satumba 1983

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ka isa gida lafiya kuma bayanka ya daina ciwo. Har yanzu a wurin aiki ana labarin dattijon da ya shigo da kwat da laima, ƙanwarsa a hannun dama, kejin gyazbi biyu a hagu, yana gaya wa mai gadi cewa su ma baƙin dakta ne. Ban roƙe ka su a wasiƙar ƙarshe ba, na ɗauka ka manta. Efo Yao ya ce a shingen sojoji an so a karɓe su, ka ce sai dai a karɓe ka tare da su.

Dada tana samun sauƙi. Kumburin ya sauka har tana sa takalminta. Likita ta ce zuciyar ta gaji, ba za ta koma ta yarinya ba, kuma ƙwayoyin nan ita da su har abada, amma in ta kiyaye gishiri za ta daɗe tana yi mana faɗa. Ta riga ta soma. Ta ce ɗakina kamar na gwauro.

Yanzu labarin baƙinka. Na yi aikin da zuciyoyinsu ta hanya uku daban, da ruwan magani iri daban daban, don kada a sake cewa ruwan ne ya tsuke naman. Na daskarar da su cikin ƙaro, na yanka da wuƙar gilashi, yankan da in ka hura numfashi ya tashi. Sai wuta ta yi ta yi mana wasa. Duk ranar da aka ce unguwarmu ce da wuta, ina bakin madubi tun safe. A dukan ukun, Kawu, murhun yana nan kwance a jikin ƙofofin, zarurrukan suna nan, a jere kamar an auna. A gyazbi ma sun fi fitowa fili fiye da ɓera.

Na shimfiɗa hotunan a teburin Dakta Lamptey. Ya cire tabarau, ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya daɗe a sunkuye. Can ya ɗago ya ce, "To, Akpene, na sha ƙasa. Ba ruwan magani ba ne. Ki rubuta, sunanki a gaba, nawa a baya." Bai san dalilin da ya sa suke manne ba, ni ma ban sani ba. Ina zaton ƙofofin ne ke bukatar mai kula da su a kusa, amma zato ne, kada ka kai shi coci.

Ranar Asabar da aka kawo wuta na shigo da Dada. Ta ɗaura kenten. Na kashe fitila na zaunar da ita a kujerata, faifan madubin ya yi haske kore, na nuna mata inda ƙwaya biyu suka riƙe juna. Ta daɗe tana kallo, hannunta a ƙirji. Ta ce, "Ni ma haka tawa take?" Na ce haka take, dubu dubai. Ta ce, "Duk suna riƙe da juna, ba wadda ta saki?" Na ce in sun saki da ba ki zo Akra ba. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe ana ta aiki a cikina, ni ina can ina rabon kaya." Da muka fito ta gaya wa Dakta Lamptey cewa ɗakin ya yi sanyi da yawa, ya kula kada 'yarta ta kamu da mura. Ya ce, "To, Mama."

Na sa maka hoto ɗaya a ciki. Inda na yi alamar kibiya, nan ne.

'Yarka,
Akpene

Avekope, Nuwamba 1983

'Yata Akpene,

Alheri da salama. Muna lafiya. Masarar ƙarshe ta ɗan yi, kuma na soma renon sabbin 'ya'yan koko a bayan gida, ko ban ci ba wani zai ci. Ki gaya wa Dada kajinta suna nan, ban da guda da shaho ya ɗauka, kada ta zargi Daavi Adzo.

Hoton ya iso. Na kai wa kafinta ya yi masa katako da gilashi. Ranar Lahadi na sake neman izini na miƙe. Na ga wasu suna taɓa juna. Na ce, "Jama'a, kwanaki na gaya muku 'yata ta gano magani. Ba haka ba ne. Abin da ta yi shi ne, ta ga wani abu da Allah ya ajiye a cikin zuciya tun ranar halitta, babban dakta ya ce babu shi, ta nuna masa akwai, ya sauke kai. Gyazbin kuma na gonar Avekope ne." Na miƙa hoton ya zaga layi layi. Wata tsohuwa ta ce kamar yankakkiyar kuɓewa. Dzokoto ya riƙe shi a juye yana ta gyaɗa kai kamar ya gane, na bar shi ya gama sannan na juya masa.

Zatonki ban kai shi coci ba. Na faɗa wa fasto kawai, shi kuma a gida.

Yanzu ga matsalar da kika jawo mini. Tun daga ranar, duk wanda ya kama abu mai rai sai ya kawo gidana, wai a kai wa Akpene ta duba. A halin yanzu ina da kurege, da jemagu a cikin kwando, da gafiya mai cizo, da wani kunkuru da ban san laifinsa ba. A shekarar da mutane ke lasar tukunya, 'yata, nama ne suke ɗaukowa daga bakin 'ya'yansu. Na ce su daina, ba su ji ba. Daavi Adzo ta ce ko su ko ita.

Jiya da rana ina gyaran keji sai ga Dzokoto da ƙwarya a rufe, yana waige waige kada a gan shi. Ya buɗe, bushiya ce ta dunƙule. Ya ce, "Wannan zuciyarta ta fi ta gyazbinka, ƙaya ke gadinta." Na ce ai ka ce babu murhu. Ya ce, "Ni da kai ne babu. Ka rubuta wa yarinyar cewa daga wurina ta fito, kuma ka rubuta sunana daidai, da Dz a gaba."

To, na rubuta. Ki aiko da amsa ta hannun Efo Yao, wanne za a kawo, wanne za a saki, kafin matata ta tattara kayanta.

Kawunki mai alfahari da ke,
Ticha Agbeko